Badukun da Ba Ya Awo da Safe

Ƙarfe bakwai Baba Mai Basilla yake buɗe rumfarsa a lungun bayan asibiti. Ya share gabanta, ya jera zare da guntayen fata a kan benci, ya kunna tsohuwar rediyonsa da ta fi shi yawan tari. Da safe gyara yake yi kamar kowane baduku. Aikin da ya sa na ɗauki alƙalami ba ya farawa sai rana ta yi sanyi.

Shekara talatin da ɗaya yana ɗinka wa masu tundurmi takalma. Sauro ne ke kwaso 'yan tsutsotsin ciwon daga jikin wani ya kai wa wani, ƙafa ta yi ta kumbura. Maganin da ake rabawa yana hana yaɗuwa, amma ƙafar da ta riga ta yi nisa ba ta komawa yadda take. In kuwa ana takawa ba takalmi, ɗan yanka kaɗan ya isa ya kwantar da mutum da zazzaɓi.

Yayata malamar firamare ce, kuma ciwon ya kama ƙafarta ta dama. Takalmin kasuwa ya daina shigarta, kwanciya ta yi yawa, har shugaban makaranta ya ce in ta ƙara zango ɗaya tana fashi, dole ya ba wani ajinta. Ba mugunta ya yi ba. Amma ajin nan shi ne rayuwarta.

Da sassafe na raka ta wurin Baba. Ya dubi ƙafar ya ce, "Malama, ki dawo bayan la'asar."

Sai da muka sha kwana ta yi magana. "Ka gani ko? Shi ma ƙyamata yake yi. Dukawan da na je wurinsu a baya ma duk 'ki dawo' suka ce."

Raina ya ɓaci. Na koma ni kaɗai, bakina cike da maganganun da ba a gaya wa dattijo.

"Zauna ka huce, ɗana," in ji shi. "Ƙafar safe maƙaryaciya ce. Ta kwana a miƙe, kumburin ya ragu. In na auna yanzu, kafin a tashi makaranta takalmin ya fara cin ta." Ya ce mutumin farko da ya yi wa, wani tela, da safe ya auna shi. Takalmin ya yanke shi, ya yi kwana goma sha ɗaya a gado. "Har yau in na tuna, kunya nake ji."

Ni ma kunyar ce ta rufe ni.

Da yamma ya sa ta taka kwali, ya zana da biro, ya zagaya ƙafar da igiya a wuri uku. Hannunsa bai yi ɗari-ɗari ba. Ɗinkin ya fitar da shi waje, ciki kuma fata mai laushi. Zangon nan kwana biyu kacal ta yi fashi.

Wata jami'ar lafiya ta taɓa gaya masa cewa masu bincike sun ce tsutsotsin ba duka suke iri ɗaya ba, ƙwayoyin halittarsu kan bambanta daga yanki zuwa yanki. Ya gyara tabarau ya ce, "Sai yanzu suka sani? Da sun tambaye ni. Ban taɓa ganin ƙafa biyu iri ɗaya ba, ko a jikin mutum guda."

Baba, kai ne ka taɓa ƙafar da dangi ma suke kau da ido daga gare ta. Basilla mai shiga inda allura ta tsaya. Ba ka warkar da kowa ba, amma ka mayar da mutane kasuwa da gona da aji.

Yanzu ido ya yi rauni, ƙarshen watan nan zai rufe rumfa. Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku kuma dukawa, ya ce duk mai son koyo ya same shi a gida, baki da hannu suna nan. Don Allah wani ya je. Yayata tana nan a ajinta, saura shekara takwas ta yi ritaya, kuma takalmin da ke ƙafarta dunduniyarsa ta fara cinyewa.