Audi Majemi da Buhun Shinkafa

Duk wanda ya san Audi na Gidan Dahala ya san shi da hannu kamar an sa masa lalle. Jima ce ta rina shi, don a gidan majema aka haife shi, kafin ya iya wanke allo ya iya jiƙa fatar akuya a ruwan bagaruwa. Mahaifinsa ya rasu da wuri, sai aminin mahaifin, Baba Yari, ya riƙe shi, ya koya masa karce gashi da tsoka daga jikin fata ba tare da ya huda ta ba. Da aka buɗe wani kamfanin sarrafa fata a bayan gari, tare suka shiga, aka ba su tebur kusa da kusa.

Majema suna da wata al'ada tun kaka da kakanni: ba ka wanke hannu ka tafi ka bar na kusa da kai da tulin fata. Da tsufa ya kama Baba Yari hannunsa ya fara rawa, sai Audi ya riƙa jawo fatun dattijon zuwa teburinsa, ya karce su tas, ya mayar masa kan tulinsa. Shekara da shekaru ana haka. Kowa ya gani, kowa ya kame bakinsa, don rufin asiri ne.

Ana nan sai kamfani ya kawo wani ɗan maɓallin roba da ake maƙala wa kowace fata. A cikinsa akwai 'yar na'ura mai aika saƙo ta iska, irin na rediyo, zuwa wani akwati da aka ɗaure a ƙarƙashin kowane tebur. An yi musu bayani, amma da Turanci aka yi rabinsa, rabin kuma ƙarar injin ta cinye.

“Audi, wanga abu mi shika yi?” in ji Baba Yari.

“Shaida ta kawai, Baba, awa wadda muka yi ma hwata da wuƙa. Hwata in tana tulinka, taka ta.”

Rashin sani ya fi dare duhu. Audi ya ɗauka maɓallin tambari ne mai zama inda aka ajiye shi, bai san magulmaci aka rataya wa fata ba. Duk wadda ya jawo, sai akwatin teburinsa ya kai rahoto ofis cewa a nan ta zauna, a nan aka karce ta. Na Baba Yari kuwa sai can ba a rasa ba yake motsi.

Ranar wata Alhamis aka tara ma'aikata a farfajiya. Manaja Abdulrasheed, mutum mai fara'a wanda bai taɓa zagin kowa ba, ya kira Audi gaba, ya ce shi ne gwarzon kamfani, aikin mutum biyu yake yi shi kaɗai. Aka dire masa buhun shinkafa, aka tafa. Kafin tafin ya lafa manaja ya ƙara da cewa, tunda haka ne, layin nan ba ya bukatar mutum biyu, Baba Yari ya je gida ya huta, an gode masa.

Audi ya juya ga manaja, ya ɗaga murya.

“Ranka shi daɗe, hwatun nan na Baba na! Ni taya shi kawai nika yi!”

“Wato kai ka karce su, Malam Audi?”

“Ni na, amma…”

“To, ai abin da na'ura ta faɗa ke nan.”

Kun ji zalunci da tsakar rana! Mutum ya buɗe baki don ya ceci ubansa, a juya maganarsa ta zama shaida a kan uban. Akwatin bai yi ƙarya ba, to amma shi ya san wanda ya koya wa Audi riƙon wuƙa? An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na Audi dai ya faɗo, kuma a kan wanda aka yi wa alherin ya faɗo.

Audi ya juya zai fice ya bar musu buhunsu, Baba Yari ya kama hannun rigarsa da hannun nan mai rawa.

“Amshi, ɗana, kana da iyali. Kyauta ba a maishe ta. Allah shi yi ma albarka.”

Wannan albarkar ta fi korar yi wa Audi ciwo. Ya kinkimi buhun don kada ya musa wa dattijo a gaban mutane.

Har yau Audi yana kamfanin, an ɗauke teburin da ke kusa da nasa. Buhun kuwa yana zaure a jingine, ƙwari sun ci rabinsa. Ya kai wa Baba Yari, dattijon ya sa aka maido. Hajjo, matar Audi, ta taɓa tambaya ko ta ɗebi kwano ɗaya, ranar da babu komai a gidan. Audi ya ce ta jiƙa gero.