Sunan da Ya Rage a Bakin Uba

Tun ina da ciki damuwa ɗaya ta zauna mini a rai: kada wannan ma ya koma kafin suna. Ɗana na fari bai kai ranar ba.

Gida kaɗan ne mu masu zuwa coci a ƙauyenmu, kusa da Yekuwa. Matar fasto, Inna Rahila, ita ta yi mini zaman jego. Karatuna bai yi nisa ba, sai ta riƙa karanta mini farkon Littafi Mai Tsarki, labarin halitta, kowace safiya aikin kwana ɗaya. Ran da na haihu, haske. Washegari, sararin sama. Ta ce wanda ya jera kwanakin nan bai bar aikinsa a rabi ba, in kwantar da hankalina. Na kwantar, kaɗan kaɗan.

Maigidana ya zaɓi suna, ya ƙi faɗi. A gidansu haka ake yi, uba ke riƙe suna a bakinsa har safiyar bakwai. Na roƙa, dariya kawai ya yi mini.

Kwana na shida, da sassafe na yi wankan jego, na sha kunun kanwa. Inna ta karanta inda aka yi dabbobi da mutum, Allah ya duba ya ga ya yi kyau ƙwarai. Ragon da maigida ya sayo a kasuwar Sassumbrum yana ɗaure a gindin rumbu. Maƙwabta suna dakan gobe.

Da hantsi na ji ƙugin moto, wato babur. Ba ɗaya ba. Taɓare suka tsaya. Sai harbi, sai ihun 'yan bindiga.

"Ku fito da shanu! Kowa ya kwanta!"

Maigida ya leƙo ɗaki sau ɗaya. "Ɗauki yaro, ku bi ta baya!" Ya fita. Muna keta dangar kara na waiwaya. Na gan shi ya faɗi a bakin rijiya. Bai motsa ba. Inna ta fizge ni.

Bazara ce, gonaki fayau, babu karan da zai ɓoye mutum. Na rungume yaron cikin zani ɗaya. Takalmi babu. Jini yana bin ƙafata, rairayi yana ƙona ta. Bayanmu hayaƙin rumbuna ya tashi.

Da azahar muka faɗi a ƙarƙashin wani gawo. Na ba yaron nono, babu komai a ciki. Ruwa ko ɗigo ba mu ɗauko ba. Ya yi ta kuka. Wajen la'asar kukan ya koma kamar na ɗan kyanwa. Wani mai amalanken jaki ya tsince mu, ya ce zai kai mu likita. Rana ba ta faɗi ba na ji jikin yaron ya saki. Ban gaya wa kowa ba sai da jakin ya tsaya.

A wani ƙauye da ban sani ba aka binne shi da safe. Musulmi ne, sun yi mana kirki. Tsohon da ya haƙa ramin ya ce, "'Yata, yaya sunansa?" Na buɗe baki. Safiyar bakwai ce.

Inna ta so ta karanta mini ranar da Allah ya huta. Na ce ta bari. Ta ce shi da ya kira haske yini, ya kira duhu dare, ya san sunan yarona. Ban musa ba. Har yau ban musa ba. Amma ni bai faɗa mini ba.

Yanzu ina Magariya, gidan yayata. Miji babu, 'ya'ya biyu a ƙasa, ko ɗaya ba shi da suna.

Ban taɓa kiran sunan maigidana a gaban mutane ba. Yau zan kira. Iliya, dogo, mai tabon ƙuna a hannun hagu. In kai ne ka sayar masa da farin rago a Sassumbrum, ko kun hau moto tare, ko bakinsa ya suɓuce a wajen masu shayi, don Allah ka aiko a gaya mini. Ina so in san wa nake yi wa kuka.