Kafur Ya Ƙi Narkewa a Gaban Sufeto

Jama'a, yau man kaɗe ya kai mutum kwas Zariya, ni ina tsaye ina kallo.

Sufeto ne ya zo makarantarmu a Makarfi, zai ga gwajin zafin da abu ke narkewa. Kun san tun da aka shiga tsuke bakin aljihu ɗakin gwajinmu ba gas, ba sinadari. Na ɗauko rishon matata, na sayo kafur a kasuwa.

Na zuba garinsa a kwalbar gwaji, na tsoma a ruwa, na sa ma'aunin zafi. Ruwa ya tafasa. Kafur ko gezau! Sai ƙamshi ya cika aji. Ashe na kasuwa ba irin na littafi ba ne.

Sufeto ya ce, "Malam Sani, turare muka zo shaƙa?"

Sai Malam Bitrus mai koyar da noma, wanda leƙowa kawai ya yi, ya zaro gwangwanin man kaɗen da yake shafa wa kaushinsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a gwada wannan."

Na sake ruwan sanyi, na sa man a kwalba. Ruwa bai wuce zafin wanka ba man ya narke. Yara suka karanta ma'auni, suka rubuta.

Nan take sufeto ya ce sunan Bitrus zai bayar a kwas ɗin kimiyyar da nake nema tun bara.

Da aka tashi, Bitrus ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ara min rishon nan mana in tafi da shi Zariya."