Akwatin da ba kowa cikinai

"Wanga akwatin, wa ke cikinai?" Alhaji, maigidana, ya dangwala yatsa bisa allon kwamfuta.

Manhaja biyu nike gwadawa don tsara aikin mangazarmu, rumbun ajiyar albasa, nan Malanville. Ta farko zane kawai ta iya, akwatuna da kibau, tsaf kamar katin biki. Ta biyun ko taurin kai gare ta. Ta ƙi wuce matakin tsince ruɓaɓɓa sai na sa sunan mai yi.

Na ce, "Alhaji, ai manoman Garou ka tsincewa."

Ya ce, "Su ko zato suke mu ka yi!"

Ashe shi ya sa buhunanmu ke isa Kwatano suna wari.

Mai taurin kan na ɗauka. Ku fa, wane aiki ne wurinku kowa ke zaton wani ke yi?