Ramin da Maigida Ya Ce Shadda Ce

Wallahi wannan abu ni ya sama, ba a bakin wani na ji ba. Shekarun baya ne a Tasawa, ina aikin famfo tare da mutumin da ya koya mini sana'ar, wanda ko sunansa ban taɓa kira ba don girmamawa, sai dai in ce maigida. Wani ɗan kasuwa ya sayi tsohon gida zai gyara ya zuba 'yan haya, kowane ɗaki da bayinsa, amma ya ce shi ba zai haƙa sabon rami ba, mu san dabarar yi.

A kusurwar tsakar gidan akwai wani rami rufe da itatuwa, ƙasa ta hau kai. Maigida ya nuna mini shi da ƙafa ya ce, "Tsohuwar shadda ce. Kai tiyon bayin nan, ka shahe bakin da siminti. Ni za ni gaisuwar mutuwa garin Maijirgi."

Da na ɗaga itatuwan sai iska mai sanyi ta buso ni, ba wari ko kaɗan, ga kuma sawun igiya ya ci jikin itacen. Raina ya ɗan sosu, amma wa ni in yi wa maigida musu? Na kai tiyo, na shafe. Wajen azahar, rana tsaka, na sheƙa bokitin ruwa a bayi don gwaji, na kasa kunne. Sai da aka jima na ji ya faɗa can ƙasa, cikin ruwa. Daga nan, na rantse da Allah, muryar wata tsohuwa ta fito ta cikin tiyon, a natse, ba faɗa: "Ɗana, abin da za ka shayar da mu ke nan? To kai ma ka sha."

Na je na buɗe famfon da na haɗa da hannuna, na tari ruwa a moɗa, ina kaiwa baki sai warin masai. Wani magini da ke aiki a gidan ya karɓa ya shanye, ya ce lafiya lau. Da ya tara da hannunsa ya miƙo mini kuwa, ruwa garau.

Wata maƙwabciya ce ta gaya mini rijiya ce, tun ta kakanni. Kun dai san a wajenmu ba a rufe rijiya sai an ja gugan ƙarshe an yi sadaka, an sanar da masu wurin su tashi, balle a mai da ita masai. Ta ce ai ta faɗa wa maigidana tun ranar da ya zo awo.

Da ya dawo na tare shi. Bai ko musa ba, ya ce, "Mi kake so in yi? Ni ɗiya takwas gare ni, kai ko aure ba ka yi ba."

Wannan magana ta fi muryar nan yi mini ciwo. Shekara tara ina bin mutum, ashe ya auna ya ga ni ne ba asara.

Na fasa simintin, na zare tiyon, na yi sadaka, malamai sun yi iyakar yinsu. Har gobe duk ruwan da na ɗiba da hannuna wari yake mini. Na alwala ma matata ke zuba mini. In ina aiki a gidan da ba kowa, haka nake wuni da ƙishi, famfo na zuba a gabana.

Don Allah in an nuna muku rufaffen rami, ku jefa dutse ku saurara kafin ku taɓa, ko da wanda ya nuna muku shi ne ya rene ku.