Shanun waya da gyaɗar da muka shanya

Jama'a, tun azahar nake rubutawa ina gogewa, amma ku ji: shanun waya sun jawo mini asarar gyaɗa!

Sale mai caji a kasuwar Rogo ne ya sa mini wasan gona a waya, har na tara shanu uku. Yau da hantsi ina gadin gyaɗar da muka shanya, sai waya ta yi ƙara. Na duba, ga saniyata ta langaɓe don yunwa! Hakkin dabba fa ba wasa ba ne! Na duƙufa ina zuba musu ciyawa.

Sai ihun matata: "Malam! Awaki!"

Na ɗago. Awakin maƙwabta sun cinye kusan rabi!

Ta ce, "Kai da aka bar wa gadi?"

Na ce, "Wallahi dabbobi nake ciyarwa."

Ta ce, "Ai na gani, sun ƙoshi. Goge abin nan yanzu!"

Na kasa. In na goge, ina za su? Don Allah, wanda ya san yadda ake ba da kiwon shanun waya ya sanar da ni. Maraƙin farko na mai kiwo ne.