Yadda Tenis Ya Cinye Gashin Bakin Kawu Bulus

Duk wanda ya san Kawu Bulus, ƙanin mahaifiyata, ya san ba ya buɗe baki sai ya murza gashin bakinsa, dama da hagu, sannan ya ce, "Magana ta ƙare." Ko da kuwa ba a fara maganar ba! Tun da ya yi ritaya daga koyarwa, duk Keffi ana haukan ƙwallon ƙafa, shi tenis ya sa a gaba. Muddin ana babbar gasa, da la'asar yana kan benci a shagon Oga Chukwudi mai kayan gyaran babur, nan unguwar Liman Abaji, suna kallon talabijin. Kawu ne ke fara zaɓar ɗan wasa, Chukwudi ya ɗauki wanda ya rage. In Kawu ya faɗi ya kawo doya, in ya ci a buɗe masa lemo mai sanyi.

Labari ya kai kunnen Fasto, ya tare shi bayan sujada. "Baba, an ce kana caca."

"Fasto, mece ce caca?"

"Mutum ya sa abinsa a kan abin da bai san ƙarshensa ba."

"Yauwa! Ni na san ƙarshensa. Chukwudi ne ke caca, shi za ka je ka yi wa wa'azi."

A makon nan doya uku ya kai shagon.

Kuma fa yana da hujjoji, kada ku raina shi. Wata rana mata biyu na karawa, ɗaya duk bugun da ta yi sai ta kurma ihu. Kawu ya ce, "Wannan ƙarfinta ya tsiyaye ta baki, ku ba ni mai shirun." Kafin awa ɗaya mai ihun ta yi kaca-kaca da mai shiru. Na ce, "Kawu, yaya ke nan?" Ya harare ni. "Ni ban faɗi ba. Na tsara komai daidai, yarinyar ce ba ta bi tsari ba."

Babbar ta faru ne ranar wasan ƙarshe na maza, tsakanin wani dattijon zakara da wani sabon jini. Kawu ya ɗauki dattijon, ya ce yau ba maganar doya, akuya zai sa, Chukwudi ya sa janaretansa. Akuyar nan kuwa ta Mama Rifkatu ce, matar Kawu, daga Agwada ta kawo ta tana kiwo saboda bikin 'yar autarsu. Na ja shi gefe na ce ya ji tsoron Allah, in bai ji ba ya ji tsoron Mama. Ya ce, "Dubi gwiwar yaron nan, kamar ta ɗan tsako. Ka fara neman inda za mu ajiye janareta."

Awa huɗu ana gwabzawa. Dattijon ya fara ɗingishi, Kawu ya ce dabara ce. Ya zauna ana danna masa cinya, Kawu ya ce yaudara ce. Har yaron ya ɗaga kofi Kawu na cewa a jira tukuna.

Amma mutum ne mai cika alkawari. Ya je gida ya kwance akuya, yana ja tana turjewa, Mama na biye da shi ɗankwali a hannu, rabin unguwa na biye da ita. Chukwudi na hango ta ya shige bayan kantar shagonsa. "Mama, wallahi ba ruwana, Ticha ne ya sa!"

Mama ta ce, "Chukwudi, akuya tawa ce, igiyar ma tawa ce. Abin da mutumin nan ya mallaka a gidanmu gashin bakinsa ne. Shi za ka ɗauka."

Wayyo! Shekara arba'in reza ba ta taɓa wurin ba. Kawu ya dubi akuya, ya dubi Mama, ya zauna a benci ya ce a kira mai aski. Ran Lahadi a coci mai tsaron ƙofa ya nuna masa kujerar baƙi. Da aka tambaye shi sai ya ce, "Da ma zafi yake sa mini, na daɗe ina neman dalili." Sai dai hannunsa bai daina kaiwa wurin ba, yana murza iska.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, Chukwudi ya rufe shago ya zo ya zauna bakin gado, ya riƙe masa waya suna kallon wasa. Ina wurin. Kawu ya daɗe yana duban 'yan wasan, can ya ce a hankali, "Chukwudi, yau kai ka fara zaɓa." Ba a kai rabin wasan ba barci ya ɗauke shi, bai kuma farka ba. Jiya Chukwudi ke faɗa mini har yau bai duba wanda ya ci ba, kuma ba zai duba ba.

Ya Ubangiji, ga bawanka Bulus nan ya iso. Ka gafarta masa taurin kansa, ka ba shi hutu, ka kuma riƙe hannun Mama.